Karen da Ya Daina Gurnani

Tunda kun sake tayar da maganar, ku matso, zan faɗa muku sau ɗaya, don gwiwoyina ba sa jure dogon zama a kan benci yanzu. Ni ne dai Haladu, wanda kuke ce wa Mai Karnuka. Na haura shekara arba'in ina horar da karnuka a bayan garin Kademi: na farauta, na garken shanu, na gadin lambu, daga baya har da na gadin gida. Ban taɓa yin wata sana'a da son raina ba sai wannan.

Gardamar nan taku a gidan kallo na Gaya ta faro, ranar wata kasuwa. Sabi'u, ɗan ƙanwata Ladi, shi ya ja ni, wai lallai sai na ga wani Bature da ake nunawa a talabijin yana gyara mugayen karnuka. Na shiga, na samu waje kusa da ƙofa na zauna. Aka nuno wani ƙaton kare yana zabura yana neman cizon duk wanda ya matso. Baturen ya zo ya sa masa siririyar sarƙa can sama, ƙasan kunnuwa. Ya fizga, ya yi masa tsawa, ya tsokane shi da yatsu a haƙarƙari, ya kayar da shi a gefe ya danne. Aka sa talla. Da aka dawo sai ga kare yana bin sa sumul kamar tunkiya.

Sabi'u ya juyo ya ce min, "Kawu, ka gani? Minti ashirin. Kai kuma sai ka riƙe karen mutane wata huɗu."

Nura, abokinsa da ya yi karatun lafiyar dabbobi a Kano, ya ce wannan zalunci ne tsagwaronsa. Ya ce akwai wata mata da ake nunawa a wata tashar, ita ko taɓa kare ba ta yi, 'yan gutsattsarin nama kawai take ba shi har ya koyi komai. Gidan kallo ya rabu biyu, kowa na ɗaga murya. Suka ce in raba gardama. Na ce musu la'asar ta kusa, ina son in kama hanya.

Amma ga abin da na gani a wannan akwatin. Rigar Baturen kafin talla da bayan talla ba ɗaya ba ce. Inuwar bishiyar da ke bayansa ta koma wani ɓangare. Ke nan an yanke sa'o'i, wataƙila kwanaki, ba a nuna muku ba. Karen kuma da kuke cewa ya natsu, yana ta lasar leɓe yana hamma, jelarsa a ƙasa. Kare mai natsuwa ba haka yake ba. Wannan ya haɗiye abin da ke ransa ne kawai.

Aikina na farko a wannan sana'a shi ne ɗaukar kasko. Ina da shekara ashirin da 'yan kai na je wajen Baba Cindo, wani tsohon maharbi a Gafasa, na ce ina son ya koya min. Mahaifina bai so ba. Sai da ya je wajen liman, liman ya ce masa karen farauta da na kiwo da na gadin gona babu laifi a ajiye su, sannan ya yarda, shi ma da sharaɗi: kare ba zai taka zauren gidanmu ba, kuma kayan aiki daban, kayan salla daban. Har yau haka nake. Rigar aiki tana rataye a ƙusa a bayan danga, ba ta shiga ɗaki.

Baba Cindo yana da karnuka bakwai a lokacin. Wata uku cur ba ni da wani aiki sai dama musu tuwon dusa, da kwashe kashinsu, da cire musu kaska da hannu. Ya hana ni kiran sunan ko ɗaya daga cikinsu. Ranar da na gaji na tambaye shi dalili, ya ce, "Ba ka da muryar da za ka ba su tukuna. Zauna ka kalla." Sai in zauna a kan turmi in kalle su suna ci. Da yamma ya tambaye ni wanne ne cikinsa ke ciwo, wanne ne ke shirin faɗa da wanne. In na ce ban sani ba, ba ya faɗa, sai ya ce gobe ma rana ce. A haka na koyi karanta kunne da jela da gashin gadon baya, da yadda kare ke sanƙarewa kafin ya yi wani abu. Wannan shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne ba a iya nunawa a talabijin, don babu mai biyan kuɗin kallo ya zauna yana kallon mutum a kan turmi.

Kayan aikin ba su da yawa. Igiyar rama doguwa, kamu goma sha biyar, da gajera ta tafiya. Abin wuya na fata mai faɗi, wanda baduku ke ɗinka min, don siriri yana shaƙe maƙogwaro. 'Yar jaka da nake ratayawa a ƙugu, cike da huhun saniya da nake samowa a kwata in yanka ƙanana in shanya. Sai fito, wanda da bakina nake yi, ko da yake tun da haƙoran gaba suka zube ba ya fita kamar da. Sai tsumagiyar tsamiya. I, akwai tsumagiya. Ba zan ɓoye muku ba don Nura ya ji daɗi.

Masu kawo min aiki kala-kala ne. Maharba sun fi kowa sauƙi, don sun san kare, abin da suke so shi ne ya tayar da zomo ko fakara, in ya kama kada ya cinye. Fulani suna son wanda zai kwana a gefen garke ya yi haushi in baƙo ya doso, amma kada ya kori maruƙa. Masu lambu suna son mai korar birai. Waɗanda suka fi ba ni wahala su ne masu gidaje a cikin gari. Mutum zai ce yana son kare mai zafi da zai yaga ɓarawo, kuma yana son jikokinsa su hau bayansa. In ka ce masa ya zaɓi ɗaya sai ya ce ba ka iya aiki ba.

Akwai wata karya ja mai farin goshi, Kyalla, ta Malam Idi mai lambu a bakin fadama. Ta iya korar birai, amma ta ɗanɗana jinin ɗan akuya. Ta kashe na maƙwabcinsa guda ɗaya, maƙwabcin ya rantse in ta ƙara zai sa mata guba, kuma zumuncin gidajen biyu ya fara tsami. Malam Idi ya kawo min ita ya ce ko in gyara ta ko ya rataye ta da kansa.

Kwana uku ban yi mata komai ba, ina kallonta kawai. Na lura kafin ta zabura sai ta kafe kunnuwa, ta sauke kafaɗa, ta daina numfashi da baki. A rana ta huɗu na ɗaura mata doguwar igiya, na sa aka koro awaki ta gabanmu. Tana kafe kunnuwan nan, tun ƙafarta ba ta bar ƙasa ba, na fizgi igiyar, na daka mata tsawa, na zuba mata tsumagiya ɗaya a cinya. Ɗaya tak. Bayan kwana shida ta sake gwadawa, na sake yi mata. Daga nan tsumagiya ba ta ƙara taɓa ta ba. Sauran wata biyu da rabi, tafiya ce kawai a cikin awaki safe da yamma, duk sa'ad da ta kalli akuya ta kawar da kai in jefa mata huhu. Kyalla ta mutu da tsufa a lambun nan, awaki na kiwo a gefenta.

Shi ya sa nake ce wa Nura, naman da ke hannunka bai kai ɗan akuya mai gudu daɗi a wajen karyar da ta riga ta ɗanɗana ba. Akwai ranar da sai ka tsawata. Amma ku ƙirga: bugu biyu a cikin wata uku, kuma kowanne a daidai lokacin da laifin ke cikin kanta. In ka bari ta gama ɓarna ta dawo sannan ka doke ta, dawowar ka hukunta.

Yanzu bari in faɗa muku shekarar da na lalace, don ita ce ainihin amsarku.

Baba Cindo ya riga ya rasu, ni nake cin gashin kaina, sunana ya fara zagawa. Sai satar shanu ta yi ƙamari a yankinmu, kowane mai garke yana neman kare. A da ba na riƙe fiye da uku a lokaci guda. A wannan shekarar na karɓi tara, na kuma yi wa kowa alkawarin sati shida. Mutum ɗaya ba shi da idon da zai kalli kare tara. Da na ga lokaci na ƙurewa, sai tsumagiya ta koma yin aikin da ido da haƙuri ya kamata su yi. Kuma tana yi, wannan shi ne abin tsoron. Duka yana ba da sakamako da wuri.

A cikinsu akwai wani baƙin kare, Duna, na wani Bafulatani mai suna Buba da ke zaune a ruga kusa da Toranke. Duna kare ne mai kyau, mai ƙashi, mai jin kira. Aibinsa ɗaya: in yana cin abinci ka matso, sai ya yi gurnani. Na san maganin wannan. Kana matsowa kana ƙara masa wani abu mai daɗi a kaskon, yau daga nesa, gobe ka ƙara taku ɗaya, har ya gane zuwan mutum ƙari ne ba ragi ba. Amma wannan aikin wata biyu ne, ni kuma ba ni da wata biyu. Sai na tsaya a kansa da tsumagiya. Ya yi gurnani, in zuba masa. Ya sake, in sake. Cikin kwana goma ya daina. Kana iya sa hannu a kaskonsa ka ɗauke, ko motsi ba zai yi ba.

Ranar da Buba ya zo ɗauka, na nuna masa. Shi ma ya sa hannu ya ɗauke kaskon, ya mayar. Ya ce, "Malam Haladu, hannunka na da albarka." Ya ja karensa suka tafi.

Bayan kamar wata guda, da hantsi, ina dama dusa, sai ga Buba a bakin danga. A ƙafa ya zo tun daga Toranke. Abin wuyan Duna ne a hannunsa. Muka gaisa, na shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba.

Ya ce, "Hajjo ce, 'yata ƙaramar. Ludayinta ya faɗa kusa da kaskonsa, ta sunkuya za ta ɗauka."

Na ce, "Tana da rai?"

Ya ce, "Tana da rai. Tana asibiti. Kumatunta ne, daga nan zuwa nan." Ya ja yatsa daga gefen idonsa zuwa haɓa. Sannan ya ce, "Uwarta tana tsaye, bai fi taku uku ba. Bai yi gurnani ba, Malam Haladu. Da can yana yi, yara duk sun san in ya yi sai su ja baya. Da ya yi, da uwarta ta fizge ta. Me ka yi masa?"

Na faɗa masa gaskiya. Ya saurara har na gama. Ya ajiye abin wuyan a kan danga ya ce sun riga sun kashe karen, ya juya ya tafi.

Ga abin da nake so ku fahimta. Gurnani ba shi ne cutar ba. Gurnani sallama ce, kare yana ce maka ka ja baya, abin ya ishe shi. Ni ban cire wa Duna tsoron a ƙwace masa abinci ba, bakinsa kawai na rufe. Tsoron yana nan, har ya ƙaru. A gabana da gaban Buba yana haɗiyewa don mun fi ƙarfinsa. Ranar da 'yar shekara biyar ta sunkuyo, babu abin da ya rage masa sai haƙori.

Na je asibiti na duba yarinyar, dangin suka amsa gaisuwata, ba wanda ya zage ni. Amma labari ya zaga kasuwanni. Cikin mako biyu masu karnukan nan takwas duk suka zo suka kwashe abinsu. Damina biyu ina ƙwadago a gonakin mutane, ina yi wa yaran da na girma noma. Wanda ya fara dawo min da aiki Malam Idi ne, ya kawo min ɗan kwikwiyon jikar Kyalla. Tun daga nan ban ƙara riƙe fiye da uku ba. Hajjo ta girma, ta yi aure, takan kawo nono kasuwar Ajingi. Tana jan mayafinta ta rufe gefe ɗaya na fuska. In na hango ta nakan canza layi, don kada ta ga dole ta gaishe ni.

To, mu dawo kan Sabi'u. Bayan kallon nan na gidan kallo da 'yan makonni, sai na ji ya shiga Kano ya sayo irin sarƙar Baturen, ya buɗe sana'a. Bai zo ya tambaye ni komai ba. Ya samu aikin farko wajen wani Alhaji mai sayar da hatsi a Gaya, wanda gidansa cike yake da jikoki. Alhajin ya sayo wani ƙaton kare ruwa biyu, rabi na Turawa rabi namu, an sa masa suna Janar. Sabi'u ya yi masa alkawarin sati uku.

Da sati ukun suka cika ya aiko a kira ni in ga aiki. Na je da rana, a wani kango da yake ajiye karen. Abokansa sun taru, wayoyi a sama suna ɗauka. Ya ce zauna, Janar ya zauna. Ya ce kwanta, ya kwanta tun kalmar ba ta gama fita ba. Sannan ya zuba masa abinci, ya bari ya fara ci, ya miƙa hannu ya ɗauke kwanon. Aka yi tafi.

Ni karen nake kallo. Ya sanƙare kamar an sassaƙa shi. Kansa na ƙasa, amma idonsa na bin hannun, har farin idon ya fito. Babu sauti ko kaɗan.

Na ja Sabi'u gefe na ce, "Da aka kawo shi yana gurnani a kan abinci?"

Ya ce, "Sosai ma, Kawu. Kwana biyar na yi ina kayar da shi ina dannewa, kamar yadda mutumin nan yake yi. Ka ga yanzu."

Na ce, "Kada ka kai karen nan gidan da ke da yara."

Ya yi dariya ya ce zamani ya canza. Na ba shi labarin Duna, wanda ya sani sama-sama, don an haife shi bayan abin. Ya ce wancan karen daji ne, wannan kuma jinin Turawa ne, ba ɗaya ba ne. Da na nace sai fuskarsa ta canza, ya ce, "Kawu, in dai don na yi a sati uku abin da kake yi a wata huɗu ne, ka faɗa min kawai."

Na juya na bar shi a wajen. Na fita na hau babur ɗin haya zuwa rumfar Alhajin. Na same shi ana auna masa gero. Na gabatar da kaina, na ce masa yaron da ya horar masa da kare ɗan ƙanwata ne, kuma na zo in ce masa kada ya karɓi karen. Ya dube ni yadda ake duban mai taɓin hankali. Na ce ya aika a tambayi duk wani dattijo a Toranke labarin 'yar Buba. Ya ce, "To ni yanzu ya zan yi da shi? Ba zan ciyar da kare a kango ba." Na ce ya bar min shi. Ya ce in ɗauka, ya huta.

Washegari Ladi ta zo gidana. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Yaya, duk garin nan ka rasa wanda za ka toshe wa hanyar abinci sai ɗanka? Yaron nan shekara nawa yana zaune ba aiki. Ya samu abin yi, ka bi shi ka kunyata shi a gaban mutane."

Na ce, "Gara ya ji kunya a rumfar hatsi da ya je duba jikar mutum a asibiti."

Ta ce, "Kai ka san gaibu ne? Wataƙila da ba abin da zai faru."

Na ce mata haka ne, wataƙila. Ba ni da wata hujja da zan nuna mata, don abin da aka hana faruwa ba ya barin shaida. Ta tafi, ta yi wata biyar ba ta tako gidana ba. Sabi'u kuma ya sayar da sarƙar, ya koma cajin waya a tasha.

Janar yana bayan dangata yanzu wata na takwas. Ni da na yi niyyar ajiye sana'ar bana, ga ni ina dama dusa safe da yamma. Watan farko ko kusa da shi ba na zuwa in yana ci. Ina zama a kan kujera daga nesa, in jefa masa huhu, in tashi in tafi. Kowane mako in matso da kujerar kamu ɗaya. A wata na huɗu, wata safiya na matso fiye da yadda ya kamata, sai na ji gurnani can ƙasan maƙogwaronsa, siriri, kamar yana tsoron a ji. Na ja da baya nan take, don ya san maganarsa ta yi aiki. Yanzu yana gurnani sosai, kuma ya fara ragewa da kansa, irin ragewar gaskiya.

Nura ya zo ya gani, ya ce, "Baba, ka ga hanyata ce ta yi aiki." Na nuna masa igiya biyu da ke wuyan karen, da ƙayar da na kewaye wajen da ita, na ce masa wannan ma hanya ce. Janar ba zai taɓa zama a gidan da ke da yara ba, ko da huhun duk shanun Gaya na ba shi. In ya warke, sai dai wata gona can nesa da mutane, in an samu mai so. Har yanzu ba a samu ba. Alhajin kuwa na ji ya sayo wani karen daga Kano, wanda aka ce an horar a sati biyu. Na aika masa saƙo a hana yara zuwa kusa da shi in yana ci. Ban san ko saƙon ya isa ba. Ba zan iya bin kowane gida ba.

Ranar kasuwar da ta wuce, da yamma, sai ga Sabi'u da leda cike da ƙashi daga kwata. Wannan ne zuwansa na farko tun ranar kangon. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ya ce ya kawo wa karen ne. Na ce karen ya gode. Ya ce ko zai iya ganin sa. Na ce ya leƙa ta saman danga, amma kada ya yi magana.

Janar yana kwance a inuwa yana gwaguyar wani tsohon ƙaho. Sabi'u ya leƙa, ya manta, ya kira sunansa a hankali. Karen ya saki ƙahon. Ya ja ciki ya shige ƙarƙashin rumfar kara har iyakar igiya, ya manne da ƙasa, fitsari na bin ƙafarsa. Wannan karen da in ya miƙe tsaye ya kai ƙirjin mutum.

Sabi'u ya ja da baya daga jikin dangar. Sannan ya ce, "Kawu, ni fa ban taɓa dukan sa da sanda ba. Abin da aka nuna kawai na yi."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Yaushe zai manta?"

Na ce, "Ban sani ba. Ba na jin zan ga ranar."

Ya tsaya riƙe da ledar, bai san inda zai sa ta ba. Na ce masa ya ajiye a bakin zaure, ni zan kai wa karen in ya huce. In zai tafi kuma ya bi ta gabas, don iska daga can yamma take tahowa, kada ta sake kai wa Janar ƙanshinsa, in ba haka ba yau ba zai ci abinci ba.